Tashi da Lema: Matakai Goma Daga Ɗan Kallo Zuwa Ɗan Kulob

Tun ranar da na saka bidiyon da abokin tashina ya ɗauka muna shawagi a saman tafkin Annecy da ke Faransa, saƙonni ba su yanke ba. Kusan tambayar kowa ɗaya ce: nawa ne kuɗin lemar, a ina ake sayenta? Wani bawan Allah har hoton wata ya turo mini da ya gani a intanet, kuɗinta bai kai na tsohuwar waya ba, yana jira in ce masa ya biya. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Sayen lema shi ne mataki na bakwai a jerin nan. Wanda ya fara da shi ya yi riga malam masallaci, kuma a wannan harka ƙashin baya ne ke biyan kuɗin gaggawa.

Lemar da nake nufi ba irin ta soja ba ce da ake dirowa da ita daga jirgi. Fiffike ne na yadi, babu ƙarfe babu inji, Turawa suna ce da shi faragilaida. Ana shimfiɗa shi a kan gangare, a ɗan yi gudu, iska ta cika aljifansa ya tashi da mutum yana zaune cikin kujerar ɗauri. Nauyinsa kilo 4 zuwa 6, yana tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a awa, kuma a iska natsattsiya duk mita ɗaya da ka sauko ka ci wajen mita 8 gaba. Yana da ɗan'uwa mai sandunan alminiyam da siffar kusurwa uku, wanda matuƙi ke rataye a ƙarƙashinsa rubda ciki. Wancan ya fi gudu, ya fi nauyi, sai da mota ake ɗaukarsa. Ni na yadin na koya, shi zan bi da ku, amma yawancin matakan ɗaya ne.

1. Fara tashi a matsayin fasinja

Kafin ka kashe sisi a kan koyo, gwada ka ji ko zuciyarka da cikinka za su ɗauka. Akwai lema ta mutum biyu: ƙwararren matuƙi a baya, kai a gaba, an haɗe ku da ƙugiyoyi. Wuri mafi kusa da gida shi ne Gana. Tun 2005 ake bikin tashi da lema a Kwahu lokacin Ista, ana tashi daga dutsen Odweanoma da ke Atibie, a sauka a filin wasa na Nkawkaw. Masu zuwa Turkiyya suna da Oludeniz, inda ake tashi daga dutsen Babadag mai tsayin kusan mita 2,000 a sauka bakin teku. A Cape Town kuma akwai Signal Hill da Lion's Head. A Turai tashin minti 15 zuwa 30 yakan ci Yuro 80 zuwa 150.

Aikinka a nan ɗaya ne: idan matuƙi ya ce gudu, ka yi gudu. Kada ka yi tsalle, kada ka zauna, ci gaba da gudu har sai ka ji ƙafafunka suna harbin iska. Yawancin tuntuɓen da fasinja ke jawowa daga zaman da ya yi tun lokaci bai yi ba ne. Sa wando da takalmi mai igiya. Babbar riga, silifa da gyale mai lilo su jira ka a mota. 'Yan'uwa mata su sa ƙaramin hijabi su cusa bakinsa cikin jaket, don kada ya shiga igiyoyi. Kuma kada a cika ciki.

Gargaɗi: tambayi matuƙin lasisinsa na ɗaukar fasinja, ka tambaye shi ko yana ɗauke da lemar ceto, wato wadda ake jefawa idan babbar ta lalace, ka karɓi hular kwano. Wanda ya ji haushin tambayar nan, kada ka hau.

2. Zaɓi makaranta mai rajista

Babu wanda ke koya wa kansa wannan abu daga YouTube ya kwashe lafiya. Kowace ƙasa da wasan ya kafu tana da hukumar da ke yi wa makarantu rajista: FFVL a Faransa, BHPA a Birtaniya, DHV a Jamus, USHPA a Amurka, SAHPA a Afirka ta Kudu. Shiga shafin hukumar ka duba ko sunan makarantar na ciki. Idan babu, wuce.

Tsarin ya ɗan bambanta. A Birtaniya ana hawa mataki biyu kafin a sallame ka ka shiga kulob ɗin masu tashi da lema, kuma yakan ɗauki kwana 8 zuwa 12 na tashi, kuɗinsa a 'yan shekarun nan wajen Fam 1,200 zuwa 1,800. A Faransa ana farawa da kwas na kwana 5, wajen Yuro 600 zuwa 800, sai a biyo da na ƙarin ƙwarewa sau ɗaya ko biyu. A Jamus lasisi dole ne a doka, kuma sai ka yi tashi 40 daga babban tudu a gaban malami, ka ci jarrabawar takarda da ta sama. A Amurka matakin da ake kira P2 shi ke ba ka damar tashi ba tare da malami ba.

Ka lura na ce kwanakin tashi, ban ce kwanakin kalanda ba. Iska ba ta san ka ɗauki hutun sati biyu ba. Ni kwas ɗina na kwana biyar sai da ya ci makonni uku saboda ruwa da iska. Idan daga nesa za ka zo, ƙara kwanaki a kan abin da suka faɗa.

Tambayoyin da za ka yi kafin biya: ɗalibi nawa ke hannun malami ɗaya? Idan sun wuce shida ko bakwai, rabin yini a layi za ka yi shi. Ranar babban tashi malamai biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a filin sauka? Kayan koyo suna cikin kuɗin? Idan iska ta hana tashi, ana mayar da ranar? Kuma da wane harshe za a yi maka magana ta oba-oba? Wannan ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. A sama, dama da hagu da “saki birki” dole su shiga kunnenka ba sai ka fassara ba.

Gargaɗi: kada ka taɓa igiya sai kana da inshora. Akwai ta ɓarnar da za ka iya yi wa wani, wadda a Faransa doka ta wajabta, akwai kuma ta jikinka. Inshorar tafiya ta yau da kullum galibi tana cire wasannin sama. Karanta takardar da idonka.

3. Koyi riƙe lema a ƙasa

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke ƙosawa, nan ne kuma ake gina matuƙi. Za a kai ka fili shimfiɗaɗɗe, a nuna maka igiyoyin. Na gaba su ake kira A, su ke ɗaga bakin lema. Na bayansu B da C. Sai igiyoyin birki biyu da ke jan gefen baya, ɗaya a kowane hannu, kamar linzamin doki: ka ja na dama ta juya dama, ka ja duka biyu ta rage gudu.

Hanyar ɗaga lema biyu ce. Idan iska kaɗan ce, ka juya mata baya, ka riƙe igiyoyin A, ka tura ƙirji gaba ka yi tafiya mai ƙarfi har ta zo saman kanka, ka saki A, ka ɗan taɓa birki kada ta wuce ka. Idan iska na da ɗan ƙarfi, ka fuskance ta, ka ɗaga ta kana kallonta, ka tabbatar babu ƙulli, sannan ka juyo ka yi gudu. Ta biyun ta fi wuyar koyo, ta kuma fi amfani. Zaɓi ɓangare ɗaya da za ka riƙa juyowa, kada ka canza shi har abada. Wanda ya juyo ta ɓangaren da ba daidai ba zai tashi da igiyoyi a murɗe, birki a danne.

Abin da ake so hannunka ya haddace shi ne wannan: lema ta koma baya, ɗaga hannu ka bar ta ta dawo, ta yi gaba za ta wuce ka, ja birki ka tare ta, ta karkata gefe, matsa ka shiga ƙarƙashinta. Haka za ka yi a sama ranar da iska ta rikice, kuma a lokacin babu damar tunani. Awa 20 a fili kafin ka fara tashi kai kaɗai ba ta yi yawa ba. Tsofaffin kulob ɗinmu masu shekara ashirin a harkar har yau suna fita fili da yamma suna wasa da lema.

Gargaɗi: sa hular kwano da safar hannu ko a fili ne. A mako na na biyu iska ta kaɗo bagatatan, lema ta fizge ni ta ja ni a ƙasa wajen taku ashirin, igiya ta yanke mini yatsa. Da babu hula, da dutsen da na buga ya ba da wani labari. Idan ta fara jan ka, kada ka yi ja-in-ja da ita: bi ta da gudu, ka ja igiyoyin baya ko birki ɗaya har ƙarshe, ta mutu.

4. Binciken abu biyar kafin kowane tashi

Wannan ba na ɗan koyo ba ne kawai, na kowa ne, kowane tashi, a jere ɗaya.

Na ɗaya, kai kanka: maɗauran cinya biyu, na ƙirji, igiyar hula, ƙugiyoyi biyu a kulle, hannun lemar ceto a mazauninsa. Taɓa kowanne da hannu, kada ka duba da ido kawai. Na biyu, igiyoyi: babu ƙulli, babu kara ko dutse a ciki, babu wadda ta bi ta ƙarƙashin yadi, birki na tafiya sumul. Na uku, lemar: a shimfiɗe kamar baka, bakinta a buɗe, tana fuskantar iska. Na huɗu, iska: daga gaba take zuwa, ƙarfinta daidai da kai. Na biyar, sararin gabanka da samanka: babu mai wucewa.

Gargaɗi: maɗaurin cinya da aka manta ya kashe ƙwararru, ba 'yan koyo kaɗai ba. Mutum yakan zame daga kujerar ya rataye da hammata har ƙarfinsa ya ƙare. Kusan kullum yadda abin ke faruwa ɗaya ne: ya shirya, wani ya yi masa magana ko ya kwance don ya kama ruwa, ya dawo ya ci gaba daga inda yake zaton ya tsaya. Duk abin da ya katse ka, koma na ɗaya. Kuma idan ka ga mutum yana bincikensa, riƙe gaisuwarka har ya gama.

5. Tashin farko da sauka

Za a fara da ƙaramin gangare, ka tashi mita 2 ko 3 na 'yan daƙiƙoƙi. Sai a ƙara tsayi a hankali, har ranar da za a kai ka babban tudu da oba-oba a kafaɗa. Da ka bar ƙasa, kada ka saki birki don gyara zama. Jira ka yi nesa da dutse tukuna. Juyawa kuma da ido ake farawa: duba inda za ka, karkata jiki, sannan ka ja birkin ɓangaren a hankali kana sassauta ɗayan.

Sauka ita ce rabin aikin. Tun kafin ka hau dutse, je filin sauka da ƙafarka, ka ga tutar iska, bishiyoyi, shinge da wayoyin lantarki. Daga sama waya ba ta ganuwa, turakunta ake nema. Iso filin da sauran tsayi, ka rage shi a gefe, ka shigo miƙe kana fuskantar iska. Fito daga zaman kujera da wuri, ƙafafu a ƙasa, hannu a sama don lema ta samu gudu. Idan saura kamar mita ɗaya zuwa biyu, ja birki biyu tare har ƙasa, ka taka kana shirin gudu. Da ka sauka, tattara lema ka ba na bayanka wuri.

Gargaɗi: tsoro yana sa ɗan koyo danne birki, yana ganin tafiya a hankali ita ce lafiya. Akasin haka ne. Fiffike da gudu yake rayuwa. Idan ka danne birki biyu da yawa a sama, iska za ta daina bin bayansa ya faɗo da kai. Idan ka danne ɗaya alhali kana tafiya a hankali, zai yi ta juyi. Kusa da ƙasa kuma babu juyawa mai kaifi. Gara ka sauka can ƙarshen fili ka yi tafiyar ƙafa da ka karya kwana a mita 10.

6. Koyi karanta iska

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya, wannan zan ɗauka. Jan igiya ana koyonsa cikin mako biyu. Sanin ranar da ba a tashi, shekaru yake ci.

Fara da lamba. Ga ɗan koyo, iskar kilomita 5 zuwa 15 a awa, tana hawowa gangaren kai tsaye, ita ce daidai. Ta haura 20, zauna ka yi kallo. Ka tuna gudun lemarka bai wuce 40 ba, kuma iskar da ke sama ta fi ta inda kake tsaye. Ba ƙarfin kaɗai ake dubawa ba, har da yadda take canzawa. Wadda ke tsaye a 15 ta fi wadda ke tsalle daga 5 zuwa 20 aminci. Zauna minti 15 a wurin tashi kana kallon tuta kafin ka buɗe jaka.

Sai siffar ƙasa. Iska kamar ruwan rafi take: idan ta haye dutse, a bayansa takan yi ta birgima tana juyi. Bayan dutse, bayan dogayen bishiyoyi, bayan gini, duk wuraren da lema ke ruftawa ne. Tsakanin tuddai biyu kuma tana matsewa ta ƙara gudu, kamar yadda ta fi kaɗawa a lungu. A tsaunukan Alps iskar kwari takan ƙarfafa bayan azahar, har mai sauka ya ga yana tsaye cak ko yana komawa baya.

Sai zafin rana. Wanda ya taɓa kallon shirwa ko ungulu suna zagaye a sama ba sa kaɗa fiffike ya ga abin da muke nema: iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa. Ita ke ɗaga mu sama da dutsen da muka tashi, ita ke kai ƙwararru tafiyar ɗaruruwan kilomita. Amma gefenta na da kaushi, kuma da tsakar rana ta fi ƙarfin ɗan koyo. Naka lokacin shi ne safiya da la'asar sakaliya.

Sai gajimare. Ƙananan farare masu kama da auduga alamar rana mai daɗi ne. Wanda ke tsiro sama kamar hasumiya, gindinsa na yin baƙi, hadari ne, kuma yana zuƙar duk abin da ke ƙarƙashinsa. A Fabrairun 2007, kusa da garin Manilla a Ostireliya, hadari ya zuƙe ƙwararriyar matuƙiya Ewa Wisnierska har mita 9,946. Ta suma, ƙanƙara ta lulluɓe ta, Allah ya yi da sauran kwananta. Wani matuƙi ɗan China da hadarin ya kama bai tsira ba. Mu da muka taso da damina mun san iskar da ke riga ruwa isowa tana yaye kwanon ɗaki. Tana iya iso ka alhali hadarin na can nesa. Ka gan shi yana haɗowa, sauka yanzu.

Akwai ranar da na hau dutse tun safe, na shimfiɗa, mutane na ta tashi. Wani dattijo a kulob ɗinmu ya daɗe yana kallon yamma, sai ya naɗe lemarsa bai ce uffan ba. Raina bai so ba, amma na naɗe tawa na bi shi muka gangaro a ƙafa. Ba mu kai mota ba iska ta juya, waɗanda ke sama suka sauka a warwatse, ɗaya a kan bishiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a nan tashin na gaske ake nufi.

Gargaɗi: “ai wane ya tashi” ba hujja ba ce. Ba ka san shekarunsa a harkar ba, ba ka san ko kuskure yake yi ba. Haka gajiya, rashin barci da ƙishirwa suna rage hankali. Ni da azumi ba na tashin rana.

7. Yanzu ka sayi kaya

Sai ka gama kwas, kuma da shawarar malaminka. Ana gwada lemomi a ƙarƙashin ma'aunin Turai EN 926, a raba su aji huɗu: A, B, C, D. Ajin A shi ya fi yafiya, idan ya rufta yakan buɗe da kansa da wuri. Shi za ka saya. Irinsu Advance Alpha, Ozone Mojo, Gin Bolero, Nova Prion da Niviuk Koyot duk na wannan aji ne. Kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka gaji da ita cikin wata uku. Lemar ajin A ta yau ta fi ƙarfin abin da hannunka zai iya a shekara biyun farko.

Kowace lema tana da iyakar nauyi a rubuce. Nauyin da ake nufi shi ne kai da tufafinka da dukan kayan, har da lemar kanta, wato ƙara wajen kilo 15 a kan naka. Hau sikeli da jakar a bayanka ka gani.

Ga kiyasin sababbi a Turai: lema Yuro 2,500 zuwa 3,500, kujerar ɗauri mai kariyar baya, ta soso ko ta jakar iska, 500 zuwa 1,000, lemar ceto 500 zuwa 900, hular kwano mai hatimin EN 966, 80 zuwa 200, na'urar da ke ƙara idan kana hawa ko sauka, daga 100, sai oba-oba, safar hannu da takalmi mai riƙe idon sawu. Jimla wajen Yuro 4,000 zuwa 6,000. Na hannu masu kyau sukan zo wajen rabin haka.

Gargaɗi: banza ba ta kai zomo kasuwa. Rana tana cin yadin lema, bayan 'yan ɗaruruwan awanni iska ta fara ratsa shi, igiyoyi kuma suna ƙanƙancewa ko su yi rauni, duk ba a gani da ido. Tsohuwar lema tana iya yin ƙyalli amma ta ƙi tashi daidai, ko ta faɗo kamar tsumma. Kada ka sayi ta hannu sai da takardar bincike ta kwanan nan daga wurin gwaji, mai nuna ingancin yadi, ƙarfin igiya da tsawonsu. Hular babur ko ta keke ba madadi ba ce. Kujera mai rufe ƙafafu kamar kwale-kwale kuma ta masu nisan tafiya ce, bar ta tukuna.

8. Shiga kulob

Ranar da makaranta ta sallame ka, muryar da ke kunnenka ta ɗauke. Watannin da ke biyo baya su ne mafi haɗari a rayuwar matuƙi, kuma kulob ne ke cike wannan giɓi. Kuɗin shiga ba shi da yawa, galibi 'yan gomomin Yuro a shekara, ban da na hukuma da inshora.

Kulob ne ke rarrashin manomi ya bar mu mu sauka a gonarsa, shi ke sare ciyawa a wurin tashi, ya kafa tutar iska, ya rubuta dokar kowane dutse. Wuri ɗaya ana iya shekara goma ana lallaɓa shi, baƙo ɗaya ya sauka cikin amfanin gona ko ya bar ƙofar shinge a buɗe dabbobi su fita, a rufe shi. Don haka duk sabon dutsen da ka je, nemi ɗan gari ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiyar awanninka, ka ce ya nuna maka inda ake tsoro. A Birtaniya sabon matuƙi yakan ɗaura jan ƙyalle a kujerarsa a awanni 10 na farko don a ba shi fili. Babu abin kunya a ciki.

Dokokin hanya ka haddace su. Kun yi gaba da gaba, kowa ya kauce dama. A jikin tudu, wanda tudun ke damansa shi ke da hanya, ɗayan ya fita waje. A cikin iska mai ɗagawa, wanda ya fara shiga shi ke zaɓar ɓangaren zagaye, kowa ya bi shi. Na ƙasa yana da hanya a kan na sama, domin lemarsa ta rufe masa ganin abin da ke kansa. Cikin gajimare kuwa ba a shiga. A Faransa akwai zangon oba-oba na 143.9875 da aka keɓe don tsaro da rahoton iska, ba a hira a kansa.

Sauran rayuwar kulob zumunci ne. Ana cika mota ɗaya a hau dutse, wani ya sadaukar da tashinsa ya sauko da ita, gobe kai ne. Ana yini a zaune ana jiran iska ana raba burodi da shayi. A watan Satumba kulob-kulob kan ɗunguma zuwa Coupe Icare a Saint-Hilaire kusa da Grenoble a Faransa, bikin da ake yi tun 1974, inda ake tashi da shigar ban dariya, ake kuma cin kasuwar kaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutum zai tashi a taro ya ce ga kuskuren da na yi, ga yadda na kusa halaka, a rubuta a aika wa hukuma don wani ya tsira. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

9. Lemar ceto da kwas ɗin ruftawa

Lemar ceto tana naɗe a jikin kujera. Idan babbar ta lalace ba ka iya sarrafa ta, ko kun yi karo da wani, ko ƙasa na matsowa kana juyi: duba hannunta, kama, fizgo, jefa da ƙarfi inda babu yadi, ka sake ta gaba ɗaya. Ta buɗe, janyo babbar don kada su yi faɗa, haɗe ƙafafu, sassauta gwiwa, ka yi birgima idan ka taɓa ƙasa. Ma'aunin EN 12491 ya yarda da saukar da ba ta wuce mita 5.5 a daƙiƙa ba, kamar dirowa daga katanga mai mita ɗaya da rabi. A kowane tashi kai hannu ka taɓa hannunta sau ɗaya, har jiki ya san wurin.

Ana warware ta a sha iska a sake naɗewa duk wata 6 zuwa shekara, gwargwadon umarnin kamfani. Kulob da yawa suna ware rana guda, a rataye mutum ya jefa tasa, ƙwararre ya duba naɗin. Bayan ka tara awanni, yi kwas ɗin da ake kira SIV, inda ake rufta lema da gangan a saman ruwa, da rigar iyo, jirgin ruwa na jira a ƙasa. Annecy da Oludeniz sun shahara da shi.

Gargaɗi: kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri, mutum na ta ƙoƙarin gyara babbar har tsayi ya ƙare. Idan kuma ka maƙale a bishiya, kada ka kwance ka ce za ka sauko. Ɗaure kanka a reshe ka kira taimako. A Turai lambar ita ce 112.

10. Kula da kaya, da zuwa gida da su

Kada ka bar lema a rana ba dalili, ko a but ɗin mota mai zafi, kada ka naɗe ta da danshi. Karkaɗe yashi da ƙwari kafin naɗi, domin fara ɗaya da ta maƙale ciki za ta huda yadin. Kai ta bincike duk shekara 2 ko bayan awannin da kamfani ya ƙayyade. Ƙugiyoyin alminiyam ma suna da wa'adi, da yawa shekara 5. Rubuta kowane tashi a littafi, ka nemi katin IPPI ta hannun hukumarka, shi ke nuna matakinka a wata ƙasa.

Masu tambaya ko za su iya kawo lema gida su tashi daga dutsen garinsu: sararin sama yana da masu shi. Sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, a Najeriya NCAA, a Nijar ANAC, kuma jami'an tsaro da mai gari su san da kai tun kafin a hango abu yana shawagi. Dutsen da ba a taɓa tashi a kansa ba aikin ƙwararru ne, ba na mai awa 20 ba. Guguwar rani da ke murɗa ƙura a fili tana iya ɗaga mutum da lemarsa ta maka da ƙasa, ko da bai tashi ba, muddin yana ɗaure. Hazon hunturu yana ɓoye filin sauka, ƙaya da ƙarangiya suna cin yadi da igiya. Kafin ka shimfiɗa, auna tafiyar minti nawa ce daga gindin dutsen zuwa asibitin da ke da hoton ƙashi, ka ajiye mota da direba a filin sauka, kuma kada ka je kai kaɗai.